Ruwa ne ya kashe shukar, ko tukunya?

Uwar Biyu: Jama'a, raina a ɓace yake. Na yi tafiyar sati 2, na bar wa ƙanwata amanar shukokina. Ashe safe da yamma take kwarara musu ruwa. Na dawo na tarar aloberata ta yi laushi, ganyen ya zama ruwan ɗorawa, saiwar ta ruɓe har tana wari. Ta kashe min ita. Wallahi yawan ruwa ya fi ƙishirwa ɓarna.

Auta: Haba Anti, "kashe"? Yarinya ta yi miki hidima sati 2, sakayyarta ke nan?

Mai Lambu: Kisa ne mana, ko da ba da gangan ba. Saiwa tana buƙatar iska. In ƙasa ta zauna jagab kullum, iska ba ta shiga, sai saiwar ta ruɓe, shukar ta yi yaushi alhali tana cikin ruwa. Mai gida ya ga yaushin ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara.

Auta: Kisa sai da niyya, Malam. A ce ta mutu a hannunta.

Uwar Biyu: Ke da ba ki taɓa raya ko tsiro ɗaya ba, me kika sani?

Baban Yara: Hajiya, ki bar yarinya. Tukunyar roba ce ko ta ƙasa? Akwai huda a gindinta?

Uwar Biyu: Ta roba ce. Babu huda.

Baban Yara: To ga mai laifi nan. Ta ƙasa tana tsotse danshi ta bushe da wuri, ta roba tana riƙe ruwa.

Yaya Babba: Ba gaskiya ba ne! Shekara 6 ina shuka a roba, ko ɗaya bai mutu ba. Ku masu tukunyar ƙasa kun fiye raina mutane.

Baban Yara: Naki ai kin huda su.

Mai Lambu: Ku saurara don Allah. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In akwai danshi a bari, in ta bushe a zuba har ya fito ta gindi. Alobera kuwa ruwa take ajiyewa a ganyenta, kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau. A lambu ma, yaushin tsakar rana sau da yawa zafi ne kawai. A duba da safe, in shukar ba ta miƙe ba sannan a yi ban ruwa.

Auta: Duk da haka a janye kalmar "kashe".

Shugabar Zaure: Na rufe wannan magana. Abin da aka cimma shi ne roba ba ta da laifi, ni ma da ita nake shuka, kuma Uwar Biyu ta nemi yafiyar ƙanwarta.

Uwar Biyu: Wa ya cimma hakan da ke?