Gatarin ƙarfen sifirin yana tsagewa bayan ban ruwa, madubin lantarki MEB zai nuna dalili?

Ɗan Maƙera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin rubuta memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, nan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma ina so in yi shi kan gatarin da maƙeranmu ke ƙerawa da tsohon sifirin mota, don kawuna sana'arshi ke nan, wani gatarin ya yi shekaru wani kuwa ranar da anka ba shi ruwa bakin ya tsage. Malaminmu ya ce a duba da madubin lantarki MEB, mai ƙara girman ƙananan abubuwa. To wai mi zai nuna wanda madubin labo na haske bai nunawa?

Injiniya_Tibiri:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sifirin yawanci ƙarfe ne mai ƙaramin gami, kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan kuromiyom. In anka tsoma shi cikin ruwa yana jawur sai cikinshi ya koma wani tsari da ake ce ma martansit, tauri gare shi sosai amma gautsi. Madubin haske bai rarrabe abin da ya gaza mikoron 0.2 (mikoron dubu ne milimita guda), ƙananan ƙwayoyin kabaid, wato kabon da ya haɗe da ƙarfe, ba za ka gan su ba, MEB kuwa yana sauka har nanomita kaɗan (nanomita dubu ne mikoron guda). Ni dai wurin da ya karye zan fara dubawa, kada ka goge shi kada ka bari ya yi tsatsa, nannaɗe shi cikin takarda busassa. In ka ga fuskokin ƙwayoyin ƙarfen sumul kamar tsakuwa, tsagar ta bi iyakokinsu, sau da yawa wutar ce ta yi yawa har ƙwayoyin sunka girma. In kuwa ƙananan ramuka ne birjik to ƙarfen ya miƙe kafin ya karye.

Malama Hadiza:
Gaskiya ne, amma kada ka raina na hasken. Yanka guntu, ka goge har ya yi sheƙi, ka sa mishi nital kashi 2 cikin ɗari, wato asid nitirik cikin alkol, na 'yan sakwanni, nan ma za ka bambanta ferit da ferlit da martansit, wato ire-iren tsarin cikin ƙarfe. Sai ka zaɓi sanfur biyu ko uku ka aika MEB, don aikin da tsada. Kuma kar ka dogara da EDS, na'urar da ke haɗe da MEB mai gano sinadaran cikin ƙarfe, wajen auna kabon, bai iya shi da kyau ba.

Ɗan Maƙera:
Na gode Yaya, na gode Malama. Kawu ruwan randa yake sa wa, kuma bai sake ɗumama shi bayan nan.

Injiniya_Tibiri:
To ga rabin amsarka nan! Wannan ƙarfen mai yake so ba ruwa ba. Ka roƙe shi ya ƙera maka uku daga sifirin guda, ɗaya ruwa, ɗaya mai, ɗaya mai sannan a mai da shi bakin wuta har ya yi launin kara. Su za ka gwama.