Musayar Baitoci: Hay-on-Wye, Garin Littattafai

Ɗan Kurmi:
Garin Hay a Wales yake, bakin kogin Wye, kan iyaka,
Tsallake rafin Dulas, ka taka Ingila da ƙafarka.
Mutanensa ba su cika dubu biyu ba in ka ƙirga,
Shagunan littafi sun haura ashirin, kowa da harka.

Bazazzagiya:
Bakano ya hango shago, ya mance da kowa!
Ranar Alhamis ai ita ce ta kasuwa,
Cuku da zuma da burodi manoma ke kawowa,
Gindin hasumiyar agogo nan ake haɗuwa.
Jirgin ƙasa na fasinja tun 1962 ya daina zuwa,
Ka sauka a Hereford, bas ce mai ƙarasawa.

Na-Gwaggo: Allah ya ja zamanin Hajiya! Yau Kano ta kwana da yunwa.

Ɗan Kurmi:
Hajiya, cukunki bai kawo baƙo ko ɗaya ba,
Ba don Richard Booth mai sayar da littafi ba da garin bai farfaɗo ba.
Tsofaffin littattafan Amurka ya kwaso, bai raina ba,
1977, ɗaya ga Afrilu, ya naɗa kansa sarki, bai ji kunya ba,
Dokinsa ya naɗa firaminista, majalisa ba ta zauna ba.

Malam Mai Aruli: Dakata, Alhaji. A baitinka na farko "ƙirga" ba ta amsa "iyaka" ba. Yanzu kuma ɗango na huɗu ya yi tsawon biyu, ga "ba" ka mayar sandar dogarawa. Wane kari ne wannan?

Ɗan Kurmi: Malam, sa shekara cikin Mutadarik mu gani. Gyara kayanka.

Malam Mai Aruli: Magabata da haruffan ramzi suke sa shekara, kari bai taɓa karyewa ba.

Bazazzagiya:
Ku bar Malam ya huta, ga aiki a gabanku:
Bikin adabi tun 1988, ƙarshen Mayu zai kira ku.
Watanni kafin nan ku kama ɗakin kwananku,
In kun makara, tanti a fili ne makwancinku.
Ruwa in ya sauka, taɓo zai ci sawunku,
Takalmin roba dogo ya zama cikin kayanku.

Gambo Damagaram (afuwa, sai yanzu na ga zaren):
Jikin ganuwar fada akwai kantoci ba mai tsaro,
Ɗauki littafi, jefa kuɗi a akwati, ba aro.
Duba shafi tukuna, danshi kan sa ya kumburo.
A 2007 suka ƙulla ƙawance da Timbuktu,
Garin rubutu ya nemo garin rubutu.

Malam Mai Aruli: Ɗango uku da "ro", biyu da "tu". Tahamisi ne ko ƙwar biyu aka yi wa ƙari?

Na-Gwaggo: Na Hajiya dai ba ka taɓa ba, Malam.

Ɗan Kurmi: Ina zai taɓa? Shi ma Bazazzage ne. Ƙirga mana gaɓoɓin ɗangonta na biyu, muna jira.