Wadda ta wanke gawar Benazir ta ce harsashi ne, gwamnati ta ce ƙarfen mota: maganar wa za a kama?

Inna Malama, Zariya:

Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan asibiti ce, da duk wanda ya bi labarin kisan Benazir Bhutto, tsohuwar firaministar Pakistan, sau da ƙafa. Ni tsohuwar malamar firamare ce, kuma ina cikin matan da ake kira idan za a yi wa mace wanka da sutura a unguwarmu, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Ranar 27 ga Disamba 2007 ta gama gangamin siyasa a filin Liaquat Bagh da ke Rawalpindi, ta shiga motarta mai sulke, sai ta miƙe ta ƙofar rufin motar tana ɗaga wa magoya bayanta hannu. Wani ya ɗaga bindiga ya yi harbi uku, bom ya tashi, mutane fiye da 20 suka mutu tare da ita. Da fari an ce harbi ne ya kashe ta. Washegari kakakin ma'aikatar cikin gida, Birgediya Javed Cheema, ya fito ya ce babu harsashi a jikinta, wai kanta ne ya bugi mariƙin ƙofar rufin lokacin da take ƙoƙarin sunkuyawa. Sai Sherry Rehman, kakakin jam'iyyarta ta PPP, ta ce ita tana cikin waɗanda suka wanke gawar, kuma da idonta ta ga inda harsashi ya shiga da inda ya fita.

To ni nan na tsaya. Mai wanka tana ganin abin da ko 'ya'yan mamaciya ba sa gani. Ita ke kwance kitso, ita ke zuba ruwa a kai, ta bi bayan kunne da hannu, ta juya ta dama ta juya ta hagu. Idan akwai rami a kai, yatsa zai faɗa. Don haka zuciyata ta fi karkata ga matar nan fiye da sojan da ya zauna gaban 'yan jarida da hoton ƙarfe. Shin ido da hannu sun isa a bambance raunin harsashi da na buguwa? Kuma me ya hana a yi binciken gawar a huta?

Baban Sadiya, Kano:

Wa alaikumus salam Inna. Na yi aiki a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi har na yi ritaya, ga ɗan abin da na sani. Ido da hannu ba su isa ba, musamman a ka. Fatar kai tana manne da ƙashi, idan ƙarfe ya buge ta da ƙarfi sai ta dare kamar an yanka, ga jini, ga gashi ya cakuɗe. Rami biyu ma ba hujja ba ce, domin ɓarɓashin bom yana huda mutum ta ko'ina.

Abin da likitan gawa ke dubawa shi ne ƙashin kansa. Harsashi idan ya shiga ƙoƙon kai, ramin ƙarami ne ta waje, ya buɗe ta ciki. Inda ya fita kuwa ta waje yake buɗewa. Sannan yakan bar ɗigo-ɗigon ƙarfe a hanyar da ya bi cikin ƙwaƙwalwa. Buguwa kuma lotsa ƙashi take yi, tsaga ta bazu daga wurin. Ba a tabbatar da wannan sai an aske wurin, an ɗaga fata, an buɗe.

Likitocin Babban Asibitin Rawalpindi ceton rai suka yi, har ƙirjinta suka buɗe suna matsa zuciya da hannu, kafin su sanar da rasuwarta da ƙarfe 6:16 na yamma. Rahotonsu ya ambaci rauni guda a gefen kai na dama, sama da kunne, ƙashi ya lotsa. Bai faɗi abin da ya jawo shi ba. Da 'yan sandan Scotland Yard suka zo daga Ingila, an riga an binne ta a Garhi Khuda Bakhsh tun ranar 28, sai likitansu Nathaniel Cary ya dogara da hotunan ƙashin da aka ɗauka a asibiti. A Fabrairun 2008 suka ce ƙarfin bom ne ya maka kanta da bakin ƙofar rufin. Ni a matsayina na mai ɗaukar hoton nan, ina girmama shi, amma hoton kai kaɗai ba zai gaya miki abin da ke wuya ko gadon baya ba.

Inna Malama, Zariya:

Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Amma faifan bidiyon da tashar Channel 4 ta nuna fa? Gashinta da gyalenta sun ɗaga daidai lokacin harbin, ta faɗa cikin motar kafin bom ya tashi. Wannan ma idona ne ke ruɗa ni?

Baban Sadiya, Kano:

Idonki lafiya lau Inna. Faifan nan ne ya sa mutane da yawa har gobe ba su karɓi maganar Scotland Yard ba. Sai dai wanda ya ji harbi a bayan kunnensa shi ma zai zube ko ba a same shi ba. Aikin 'yan sa'o'i a kan teburin likita da ya raba wannan gardama.

Ɗan Damagaram:

Inna, ina gaisuwa. Da izininki, ni a ganina an ja mu ne zuwa gardamar ƙarfe da harsashi don mu manta da babbar tambaya. Ko bom ne ko bindiga, ai kashe ta aka yi. Amfanin maganar mariƙi ɗaya ne ga masu mulki: ta mayar da laifin kan mamaciyar, wato da ba ta leƙo ba da tana raye, maimakon a tambayi yadda mai bindiga ya iso dab da motar tsohuwar firaminista, wadda wata biyu kafin nan aka kai wa ayarinta harin bom a Karachi.

Ki duba abin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Heraldo Muñoz na ƙasar Chile ya fitar a Afrilun 2010. Ba a cika awa biyu da tashin bom ba aka kawo motar kashe gobara aka wanke titin tas. Wurin da ya kamata a tsinci dubban shaidu, guda 23 kacal aka ɗauka. Babban likitan da ya karɓe ta ya nemi izinin binciken gawa har sau uku, shugaban 'yan sandan birnin, Saud Aziz, yana hanawa. Sai da aka sa ta a akwati aka kai filin jirgin soja na Chaklala, sannan aka tambayi mijinta Asif Zardari, wanda saukarsa ke nan daga Dubai cikin dare. Ya ce a'a. Daga nan aka samu abin fakewa: ai iyali ne suka ƙi. Alhali a dokarsu aikin 'yan sanda ne, ba sai an nemi yardar dangi ba.

Mu a Nijar mun san wannan salon. Ranar 9 ga Afrilun 1999 masu gadin Shugaba Ba'are Mainasara suka buɗe masa wuta a filin jirgin Yamai, firaminista ya shiga rediyo ya kira abin mummunan hatsari. Aka sa afuwa cikin kundin tsarin mulki, sai a 2015 kotun CEDEAO, wato ECOWAS, ta ce a biya iyalansa diyya. Maƙwabtanmu na Burkina kuwa har takarda suka rubuta: shugabansu Thomas Sankara, wanda aka harbe ranar 15 ga Oktoban 1987, wai mutuwar Allah da Annabi ya yi, da sa hannun likitan soja. Da aka tono kabarin a 2015, lauyoyin iyalinsa suka ce an samu wuraren harsashi sama da goma. Ƙashi ya jira shekara 28 bai canza magana ba, kuma a 2022 aka yanke wa Blaise Compaoré, wanda ya hau mulki bayan kisan, ɗaurin rai da rai a bayan idonsa.

Alaramma na Tudun Wada:

Allah ya jiƙan musulmi. Zan ɗan sa baki ta fuskar addini, don kada a ɗauka shari'a ce ta ɗaure hannun kowa. Gaskiya ne an umarce mu da gaggauta jana'iza, kuma hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Amma manyan majalisun fatawa na wannan zamani, har da ta manyan malaman Saudiyya, sun halatta buɗe gawa idan ana tuhumar kisa kuma alƙali na buƙatar sanin sanadi, gwargwadon larura, a mayar da komai a binne. Jini ba abin wasa ba ne. Ku tuna ƙissar da ke cikin Baƙara, mutanen da suka kashe rai suna ta tura wa juna, Allah bai bar abin a rufe ba.

Sai dai ku yi wa Zardari adalci kaɗan. Mutumin da ya yi shekaru a kurkuku, aka rataye surukinsa, mahaifin Benazir, a wannan gari na Rawalpindi a 1979, ka ce ya miƙa gawar matarsa ga likitocin gwamnatin da yake zargi? Kuma binciken ba ya kashe zargi kullum. Abacha an binne shi a Kano ranar da ya rasu ba bincike, ana ta magana. Abiola wata guda bayansa an kawo likitoci daga Amurka da Ingila da Kanada, suka ce tsohon ciwon zuciya ne, amma har yau zancen kofin shayi bai mutu ba.

Ɗan Damagaram:

Allah gafarta Malam, uzurin daren farko na karɓa. Amma a Satumban 2008 Zardarin nan ya zama shugaban ƙasa, jam'iyyarta ta riƙe mulki shekara biyar cur. Likitocin da zai kira nasa ne, na waje ma sai wanda ya ga dama. Ba a tono ta ba. Lauyan gwamnati mai bin shari'ar, Chaudhry Zulfiqar, an harbe shi a Islamabad a Mayun 2013 yana hanyar kotu. Da hukunci ya fito a Agustan 2017, an sallami mutum biyar da ake zargin 'yan Taliban ne, aka ba Saud Aziz da wani jami'in ɗan sanda shekara 17-17 saboda sakaci da lalata shaida, aka ayyana Pervez Musharraf, shugaban ƙasar a lokacin kisan, a matsayin wanda ya gudu wa shari'a. Shi kuma ya rasu a Dubai a 2023 bai dawo ya amsa ba.