Takunkumi ko ƙoƙo? Neman sunan abin da ake kifawa a fuska na na'urar CPAP

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ina rubuta takardar bayani ga masu ɗaukewar numfashi cikin barci, waɗanda maƙogwaronsu ke toshewa na daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa a dare guda, su tashi a gajiye. Na'urar da ke tura musu iska na bar ta da sunanta, CPAP. Abin da ya tsaya min shi ne wanda ake kifawa a hanci, mai maɗauri ta ƙeya. Babin kuma a kan yadda yake cin fata ne. In sa takunkumi?

Wani mai amfani da na'urar: Sa abinka. Tun korona ta 2020 kowa ya san takunkumi.

Malamin Hausa: An san shi, amma wanda aka sani na yadi ne, mai tare numfashi. Wannan kuwa kawo iska yake yi. Asalin takunkumi ma na dabba ne, ana ɗaure mata baki don kada ta ci ko ta ciji. Duk wanda ya ji kalmar, ɗauri zai fara zuwa ransa.

Ma'aikaciyar jinya: Allah gafarta Malam, ka taɓo inda ke mana ciwo. Yawancin masu zuwa da rauni a karan hanci, tamke maɗaurin suka yi. Mutum ya ji iska na tsiyaya ta gefe tana hura masa ido, sai ya ƙara ja. Alhali leɓen abin, wato bakinsa da ke taɓa fata, wanda galibi na silikon ne mai laushi, an yi shi ne don iskar na'urar ta ɗan kumbura shi ya manne da kansa. In aka matse shi sai ya lanƙwashe, iskar ta ƙara zurarewa, fata kuma ta sha wuya. A kwance ake daidaita shi, na'ura na kunne, a ja maɗauri daidai inda tsiyayar ta tsaya. Don haka ni ba na son sunan da zai ce wa mara lafiya "ɗaure".

Malamin Hausa: To ga ƙoƙo. Muna da ƙoƙon kai da ƙoƙon gwiwa, duk abu ne mai zurfi da ke kife a kan wani. A ce ƙoƙon iska. Kifa shi ake yi.

Wani mai amfani da na'urar: Nawa fa, Malam? 'Yan bututu biyu ne a ƙofofin hanci, babu abin da ya kife.

Malamin Hausa: Wannan sai a ce toshiyar hanci. Sauran biyun, ƙoƙon hanci da ƙoƙon hanci da baki.

Mai tambaya: Toshiya ba za ta tsorata mai fama da toshewa ba? Zan sa bututun hanci. Saura ciwon fatar kansa. Takardun Turanci "ja" suke ta faɗi.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙanena, cire jan nan. A baƙar fata ba ya fitowa sosai, wurin yakan yi duhu ne ko sheƙi, ko zafi in an taɓa. Kuma kada ka haɗa matsalolin fatar a kalma ɗaya, don maganinsu ya bambanta. Shati shi ne sawun da ke ɓacewa bayan an tashi. In ya wuni bai tafi ba, matsi ya yi yawa ko girman ƙoƙon bai dace ba. Ƙuraje da ƙaiƙayi kuwa gumi ne da maiƙon fuska da ragowar sabulu: a wanke fuska kafin kwanciya, a wanke leɓen kullum da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, a ɗauraye sosai, ya bushe. Ban da shafa basilin, yana lalata silikon. In fata ta sale ko ta fara ruwa, a ga likita ya sauya nau'in ƙoƙon, ba a jingine na'urar ba.

Mai tambaya: Ƙyallen da ake sawa tsakanin leɓen da fata fa?

Malamin Hausa: Gammo mana.

Mai tambaya: Na rubuta: ƙoƙon iska, leɓe, maɗauri, gammo, shati, salewa. Takunkumi zan ambace shi sau ɗaya a farko, saboda masu nema da wannan sunan.