Rediyo na biyu mai gajeren zango: wanne ne ke jure ƙura, kuma in ya lalace a iya gyara shi a nan?

Ɗan Ader, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema kan rediyo. Ina da Tecsun PL-330, wajen kamu ba ni da abin cewa, tasha ko tana can nesa sai ya jawo ta, amma ƙaramin abu ne mai laushi kuma ni aikina na yawo ne, yau Badagishiri gobe Ƙonni bisa moto, ƙura ta shiga ko'ina. Tun da aka dakatar da RFI a Nijar a Agustan 2023, BBC ma aka dakatar da ita a Disamban 2024, mutane da dama suka koma laluben gajeren zango, har Baba ya riƙe nawa ya ce na gida ne. To ina son na biyu. Ba kyau nake nema ba, ƙwari nake so, wanda in ya samu matsala mai gyara zai iya buɗe shi ya taɓa. Wani ya yi mini tallar Sony ICF-SW7600GR na hannu, wasu sun ce PL-660, wasu XHDATA D-808, wani aboki ma cewa ya yi in sayi Kchibo biyu in huta. Mi kuka gani?

Mai Gyara na Katako, Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in gaya maka abin da ke zuwa bisa teburina, don mutane suna ta tsoron allon ciki alhali ba shi ke fara mutuwa ba. Abu huɗu ne kullum: eriya ta karye daga gindi, abin murɗa tasha ya cika da ƙura ya riƙa tsallake lamba, ramin caji ya kwance, sai kuma pil da aka manta a ciki ya zubar da ruwa ya cinye sifirin. Wanga na ƙarshe ya fi ba ni haushi wallahi, ka buɗe murfin ka tarar da farin gari da kore ya bi waya har cikin allo, duk don an bar pil mai arha a ciki lokacin zafin Afrilu. Duk waɗannan ana gyara su in dai rediyon da sukurori aka ɗaure shi ba manne shi aka yi ba. Saboda haka kafin ka dubi suna, juya shi ka ƙirga sukurori, ka dubi eriya ko da sukur ɗaya take fita.

Maganar Sony ɗin nan, rediyo ne na kirki, ƙirar Japan, tun 2001 ya fito, yana cin ƙananan pil AA huɗu, kuma ba shi da abin murɗa tasha, maɓallai ne, to ƙura ba ta samun wannan ƙofar. Amma sun daina yin shi, in gilashin lamba ya fashe ko wani IC, wato ɗan guntun na'ura mai ƙafafu da ke bisa allo, ya tahi sai dai a samo gawar wani a ciro. Ka kuma karanta bayansa da kyau, akwai tsohon SW7600 da ƙaramin SW1 na tun da can, su kondansatocinsu ke zubewa da tsufa, murya ta shaƙe. Ana canza su amma aiki ne na haƙuri kuma ba kowa ke da hannun ba. SW100 mai ninkewa kuwa ko kyauta ce ka yi tunani, siririyar wayar da ke wuyan murfin ita ke tsinkewa.

Da ni ne kai PL-660 zan ɗauka, AA huɗu shi ma, pil ɗin da ko a bitik ɗin ƙauye za ka samu.

Issou_Tech:
Malam da girmamawa amma ban yarda da batun AA ba gaba ɗaya. D-808 batir 18650 yake ci, irin na tocila da na cikin batirin kwamfuta, yanzu ina ne babu shi a Yamai? ka cire ka sa wani, ka caja da ƙaramin pano, ba kullum kana zuba kuɗɗi a pil ba. Shi ma PL-330 ɗin da yake hannunsa ai BL-5C ne, batirin tsohuwar Nokia. Kuma su masu DSP ɗin, wato rediyon zamani irin D-808 da PL-330, kusan duk aikin yana cikin guntun IC guda na Silicon Labs, babu tarin bobin da za su goce a ce sai an sake saiti, kaya kaɗan matsala kaɗan. Gaskiya ne in IC ɗin ya mutu an gama, amma sau nawa ka ga ya mutu?

Mai Gyara na Katako, Yamai:
Ba sau da yawa ba, wannan na ba ka. Sai dai 18650 na kasuwa rabi ƙarya ce, za ka ga an rubuta lamba mai tsoratarwa a jiki ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar kara. Kuma mai yawo bisa moto cikin ranar Tawa da ke haura 40, batirin liciyom a jaka baƙa ba abokin tafiya ba ne. Ramin USB ɗin ma shi ke fara kwancewa in yara suna fizgar waya.

Alhaji na Wadata:
Ku yara kun cika son lamba. Panasonic RF-562 nake da shi, mai allura, manyan pil biyu, zangon gajere guda ɗaya tal, kuma da shi nake jin labarun safe da na dare ba fashi. Ya faɗi ƙasa ya fi a ƙirga, igiyar allura ta taɓa tsinkewa wani yaro ya ɗaura mini sabuwa ina zaune ina shan shayi. Abin da zan ce maka ɗana, in labarai kawai kake ji ba ka bukatar SSB, wani salon kama murya na musamman, da su zangon jirgin sama da ake cika maka kunne da su a PL-660. Illarsa ɗaya, tashoshin a cunkushe suke wuri guda, sai ka lallaɓa hannu a hankali, kuma in ya ɗauki zafi tasha takan ɗan zame sai ka sake bin ta.

Ɗan Ader, Tawa:
Na gode Baba Alhaji, na gode Malam. To Kchibo fa ba wanda ya tanka? Sannan wani ya ce in ɗaura doguwar waya daga eriya zuwa bisa bedi don ya ƙara kamu, yana da kyau?

Mai Gyara na Katako, Yamai:
Kchibo na maganin wata rana ne, ba laifi a ajiye shi a shago, amma robarsa ba ta jure faɗuwa kuma kuɗin gyara wani lokaci ya kai na sabo. Ka lura kuma, da yawa cikin masu allura na yanzu DSP ne a ɓoye, allurar ado ce. Yadda za ka gane, ka murɗa a hankali, in tasha tana shigowa sannu sannu tana fita sannu sannu to na asali ne, in kuwa ka ji tana faɗowa tsulum da ɗan shiru tsakani to IC ne.

Waya kuma ka yi hattara, musamman da hunturu. Iskar nan mai ƙura da bushewa tana tara wuta a doguwar waya, irin wadda ke ɗan jan ka in ka taɓa ƙofar mota, kuma ita ke ƙona taranzistan farko na bakin eriya, tsohon Sony ICF-2001D ya yi suna da wannan cutar. Rediyo zai ci gaba da kunnuwa, FM na yi, amma gajeren zango ya kurumce. Ka samu waya mai roba ƴar mita biyar haka, ka naɗa bakinta a jikin eriya ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, in hadari ya taso ka kwance. Ƙananan rediyo ma in waya ta yi tsawo tashoshi hawa kan juna suke.

Kuma kafin ka ce rediyo ya lalace, fita tsakar gida ka kashe fitilar LED da cajar telehon, su ke kawo yawancin ƙugin nan. Ka tuna da rana zangon mita 16 da 19 suka fi, da dare 31 da 41 da 49, sannan manyan tashoshi suna sauya mitoci ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, sau da dama ana kawo mini lafiyayyen rediyo a ce BBC ta ɓace.

In za ka je ganin Sony ɗin tahi da pil naka, ka je bayan magariba, ka danna kowane maɓalli, ka buɗe gidan pil ka haska da tocila. In mai shi ya ce a'a sai dai ka biya tukuna, bar masa kayansa.

Issou_Tech:
Ka turo hoton bayansa nan in ka je, mu ga GR ne da gaske ko tsohon ne.