Gwajin sabon magani ya tsaya cak: yaushe izininsa yake daina aiki?

Mai Sito, Ɓaɓura:
Assalamu alaikum, malamai. Idan asibitin karkara yana cikin gwajin sabon magani da kamfanin Amurka ya ɗauki nauyi, aka daɗe ba a shigar da mara lafiya ko ɗaya ba, izinin yana nan? Ragowar maganin da ke sito kuma fa?

Malamin Lafiya, Gumel:
Wa alaikumus salam, Malam. Takardar da kamfani ke miƙa wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, don neman izinin gwada sabon magani a jikin mutane ana kiranta IND. Sashe na 312.45 na ƙa'idojin hukumar ya ba da dama a jingine ta a hali biyu: an shekara 2 ba a shigar da kowa ba, ko duk gwaje-gwajen da ke ƙarƙashinta sun shekara 1 a dakace bisa umarnin hukumar.

Inda ake yawan kuskure shi ne lissafin. Ba na asibitinku kaɗai ba ne, na takardar ne gaba ɗaya; muddin ana ɗibar mutane a wani wuri, tana nan da ranta. Kuma ba ta jingine kanta. Ko dai kamfanin ya nema, ko FDA ta rubuta masa, ta ba shi kwana 30 ya kawo hujjar barin takardar ta ci gaba da aiki.

Hajiya Mai Harhaɗa Magunguna, Dambatta:
Batun maganin ne ya fi damuna, ɗan'uwa. Da zarar an jingine, dole a sanar da duk likitocin gwajin, a mayar da ragowar ga kamfanin ko a lalata yadda ya ba da umarni a rubuce. Ka ƙirga, ka rubuta lambar kowane rukuni da ranar lalacewarsa, ka kulle shi daban. Kada ƙwaya ɗaya ta shiga cikin maganin da ake ba marasa lafiya, domin ba a gama tabbatar da amincinta ba.

Malamin Lafiya, Gumel:
Gaskiya ne, Hajiya. Komawa aiki ma sai kamfanin ya miƙa tsarin gwajin da shirin shekara mai zuwa, a jira kwana 30, sai dai in FDA ta ba da izini kafin nan. Idan takardar ta kai shekara 5 a jingine, ana iya soke ta. A nan gida kuwa, amincewar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da ta kwamitin ɗa'ar bincike daban suke, a duba ko suna aiki kafin a taɓa mara lafiya.