Ɗana lauya na son barin kotu ya bi sawun Tambuwal, ina neman shawara

Tsohon Hedimasta

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga lauyoyin da ke cikinmu da kuma mutanen Sakkwato.

Ni malamin firamare ne mai ritaya. Babban ɗana ya karanta shari'a, ya zama cikakken lauya, ya gama bautar ƙasa. Gonata ta bakin fadama ita ta tafi a wannan karatu, har da kuɗin baƙar riga da hular gashin nan. Yanzu yana ofishin wani babban lauya, kullum shi ke bin bayan maigidan da tulin fayil, abin da ake ba shi kuwa ba ya kai shi tsakiyar wata. Shekaranjiya ya zo mini da magana, wai wani ɗan majalisa zai ɗauke shi mataimaki a Abuja. Na ce kai da na sayar wa gona za ka koma riƙe jaka? Ya ce, “Baba, ai da haka Aminu Waziri Tambuwal ya fara.”

Tarihin mutumin na san shi a dunƙule. An haife shi a garin Tambuwal a 1966, ya yi kwalejin horon malamai ta Dogon Daji ya fito da shaidar malanta mai daraja ta biyu a 1984 (irin tawa ke nan, shi ya sa nake ɗan jin sa a raina), ya yi digirin shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1991, ya zama lauya a 1992. Ya shiga majalisar wakilai a 2003, kakaki a 2011, gwamna daga 2015 zuwa 2023, daga nan sanata.

Abin da nake so a warware mini: lauyancin ne ya yi masa rana, ko kuwa ko likitan dabbobi ne shi da zai kai inda ya kai? In lauyanci ne, sai in matsa wa yaron ya zauna ya ƙware tukuna. In ba shi ba ne, to ban san me zan ce masa ba.

Barista Mai Fayil

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Lauyanci ya yi masa rana ƙwarai, amma ba irin wanda kake nufi ba. Tambuwal ba SAN ba ne, wato bai da lambar babban lauyan Najeriya, kuma ba a gaban alƙali ya yi suna ba. Inda karatunsa ya yi aiki shi ne zauren majalisa, wurin da mai sanin ƙa'ida ke cin mai yawan surutu.

Duba 2011. Jam'iyyarsa ta PDP ta riga ta ware kujerar kakaki ga Kudu maso Yamma, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola daga Oyo. Sashe na 50 na kundin tsarin mulki kuwa cewa ya yi 'yan majalisa su zaɓi kakaki daga cikinsu, bai ambaci shiyya ba, bai ma ce sai ɗan jam'iyya mai rinjaye ba. Ya tattara matasan PDP, ya haɗa da 'yan adawa, ranar 6 ga Yuni ya tashi da ƙuri'a 252, ita tana da 90. Amma Baba, ita ma Mulikat lauya ce. Ka ga a nan ba takarda ce ta raba gardama ba.

Inda na ke sara masa a matsayin lauya shi ne 2014. Ranar 28 ga Oktoba ya zauna a kujerar kakaki, aka gama aikin ranar, sai a ƙarshe ya sanar cewa ya koma APC, nan take aka ɗage zama zuwa 3 ga Disamba. Me ya sa wannan wayo ne? Sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyarsa ta rabu gida biyu ko ta yi haɗaka. To amma wa doka ta ɗora wa aiwatar da hakan a majalisar wakilai? Kakaki. Wato shi ne zai kori kansa. In kuma tsige shi za a yi daga kakaki, sai da kashi biyu bisa uku, mutum 240 cikin 360, kuma PDP ba ta da su, tunda tun Disambar 2013 wakilanta 37 suka fice kuma bai taɓa kujerar ko ɗaya ba. Ga shi an rufe zauren, babu inda za a ma kawo maganar.

Da gwamnati ta rasa ta inda za ta kama, sai Sufeto Janar na 'yan sanda Suleiman Abba ya janye masa masu tsaro, yana kafa hujja da wancan sashe na 68, alhali fassara tsarin mulki aikin kotu ne. Ranar 20 ga Nuwamba aka kira zaman gaggawa kan buƙatar Jonathan ta tsawaita dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. 'Yan sanda suka kulle ƙofa. Duk wanda ya kalli talabijin ranar ya ga manyan mutane sun naɗe babbar riga a kafaɗa suna haura ƙyauren ƙarfe, hula na faɗuwa, barkonon tsohuwa ya turnuƙe harabar. A ƙarshe abokansa suka kewaye shi suka shigar da shi, kuma da kujerarsa ya gama wa'adinsa a 2015.

Ko ficewarsa daga APC a Agustan 2018 haka take. Dokar rasa kujera ba ta hau kan gwamna ba, kuma tun 2007 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Atiku cewa mataimakin shugaban ƙasa ba ya sauka don ya sauya jam'iyya. Tambuwal ba ya tsalle sai ya karanta inda zai dira.

Ɗan Kanwuri

Barista, ka yi bayani, amma kai ta littafi ka biyo. Mu da anka yi abin nan gaban idonmu bari mu faɗi tamu.

Malam, yaronka bai yi ƙarya ba. A 1999 Aminu mataimaki na ga Sanata Abdallah Wali kan harkokin majalisa. Sai dai ka tambayi yaron ko ya san ƙarshen labarin. A 2015 wa Aminu ya kayar ya hau gwamna? Shi wanga Abdallah Wali, da PDP ta tsayar. Kujerar sanatan Sakkwato ta Kudu da ya samu a 2023 ma ita ce wadda maigidan nashi ya zauna bisa a 1999.

Ku lissafa jam'iyyu. Da ANPP ya ci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a 2003. Gab da 2007 ya bi Bafarawa zuwa DPP, da ya ga babu tikiti nan ya dawo ANPP, da Alu, wato Aliyu Wamakko, ya tashi zuwa PDP ya bi shi. Sai APC, sai PDP kuma. Wace jami'a ka koyar da wanga? Sanin lokacin tashi ne, da sanin wa za ka bi.

In kuna son gane cewa ba rigar lauya ba ce, ga Muktari Shagari nan. Lauya ne, ya girme shi a aikin, ya yi ministan albarkatun ruwa zamanin Obasanjo. A 2007 tikitin gwamna na PDP na hannunshi, anka ce ya sauka ya ba Wamakko ya zama mataimaki, ya yi biyayya. Shekara takwas yana jiran a ce nashi ne, har yau bai zauna kujerar ba. Shi kuwa Aminu, Alu ne ya ɗauko shi ya aza a 2015, wanga ba ɓoyayyen abu ba ne. Duk wanda ya san Gawon Nama, unguwar gidan Alu, a lokacin ya san daga ina ƙuri'a ta fito.

Ranar da ya rabu da Alu kuma munka ga iyakar ƙarfinshi. Zaɓen 2019, shi da tsohon mataimakinshi Ahmad Aliyu. Zagayen farko ya wuce da 3,413, anka ce inkonkulusib. Anka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris. Daren nan babu wanda ya runtsa cikin gari, kowa na manne da rediyo, masu shayi sunka kwana suna ciniki. Da anka gama tattarawa, 512,002 da 511,660. Ƙuri'a 342 tsakani, gwamna mai ci! Rumfa guda ke nan. Wakilan akwati da sunka hana idonsu barci su sunka tsare mai kujera rannan.

Kotu kuwa lauyoyi ya ɗauka kamar kowa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi ranar 20 ga Janairun 2020, bayan kwana shida da ita wagga kotu ta sauke Emeka Ihedioha daga gwamnan Imo, wanda shi ne mataimakinshi lokacin yana kakaki. Ɗaya ya tsira, ɗaya ya tafi gida. A 2023 Ahmad Aliyun nan dai ya dawo ya kayar da ɗan takarar da Aminu ya tsayar.

Malam, in yaronka na da haƙurin zaman falo, da iya gaisuwa, da zuwa jana'iza da suna ƙauye-ƙauye, da ƙarfin zuciyar kallon maigidanshi ido cikin ido ranar da hanya ta rabu, bar shi ya tafi. In ɗan littafi ne mai jin kunya, riƙe abinka.

Maman Sadik

Ni duk kun ba ni mamaki. Ana ta yabon yadda aka kama kujera da yadda aka riƙe ta, babu wanda ya tambayi abin da aka yi da ita.

'Yan uwana a gabashin Sakkwato suke. Cikin shekarun nan takwas aka kai harin kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, aka ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar shekarar, ƙauyuka suka koma biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu. Na sani za a ce mini soja da ɗan sanda na tarayya ne, gwamna ba ya ba su umarni. Gaskiya ne. Amma a daidai lokacin hankalin mai girma gwamna na kan Abuja. A 2018 ya nemi tikitin shugaban ƙasa a Fatakwal, Wike na mara masa baya, ya zo na biyu da 693. A Mayun 2022 ya sake fitowa, ya hau mumbari a filin taro ya ce ya janye wa Atiku, Atiku ya samu 371, Wike 237, kuma kowa ya ga abin da wannan ɓacin ran ya jawo wa jam'iyyar.

Ba na cewa bai yi komai ba. Ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi tun farkon mulkinsa, ya yi gadar sama ta Rijiyar Dorowa. Amma Baba, in za ka yi wa ɗanka addu'a, ka roƙa masa abin da ya fi iya kama kujera.

Barista Mai Fayil

Hajiya, ba zan ja da ke ba. Iya zaman majalisa daban, iya mulkin jiha daban. Kakaki mutum 359 yake lallashi, duk ya san sunayensu. Gwamna kuwa albashi da asibiti da rijiyar burtsatse ke jiran sa. M. A. Abubakar na Bauchi ma lauya ne, tsohon kwamishinan shari'a, amma zango ɗaya jama'a suka ba shi, 2015 zuwa 2019.

Ɗan Kanwuri, na karɓi maganar Muktari Shagari, ta zauna. Sai dai akwai abin da ka tsallake, kuma shi Baba ya fi buƙata. Tsakanin 1992 da 1999 shekara bakwai ne. Tambuwal bai fito makaranta ya faɗa ofishin sanata ba. Ya yi aikin lauya, ya kuma riƙe muƙamai a ƙungiyar lauyoyi, wadda siyasar cikinta ba ta da sauƙi ko kaɗan: neman ƙuri'a reshe-reshe, alkawari, cin amana, duk akwai. Da ya je wurin Wali, ya je da abin sayarwa.

Baba, akwai kuma wata ƙofa da lauya kaɗai ke shiga. Cikin duk kwamishinonin jiha, kujerar Antoni Janar ce kawai tsarin mulki ya keɓe wa sana'a ɗaya. Sashe na 195 ya ce sai wanda ya kai shekara goma da zama lauya. Ta nan Ibrahim Shema ya bi: kwamishinan shari'a na Katsina ƙarƙashin Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 1999, ya riƙe babban muƙami a uwar jam'iyya, ya gaje shi a 2007 ya yi shekara takwas. Shekarun goman daga ranar zama lauya ake ƙirga su, ko yaron na Abuja suna tafiya, amma babu gwamnan da zai damƙa shari'o'in jiharsa ga wanda bai taɓa tsayawa gaban alƙali shi kaɗai ba.

Shawarata, kada ka ce masa a'a, kada ka ce e. Ka aike shi ya tambayi ɗan majalisar abu uku. Sunansa zai shiga takardar ma'aikatan majalisa da albashi, ko daga aljihun oga za a riƙa ba shi? Aikin rubuta ƙudiri da zaman kwamiti ne, ko riƙe wayoyi da sallamar 'yan maula a bakin ƙofa? Kuma za a bar shi ya riƙa zuwa kotu lokacin hutun majalisa? In na farkon ne a kowace tambaya, ya tafi, ya riƙa biyan kuɗin lasisinsa na lauya duk shekara kafin ƙarshen Maris. In ɗan majalisar ya fara kame-kame, ya zauna inda yake ya ƙara ko da shekara uku, ya shiga harkar ƙungiyar lauyoyi ta reshensu, ya yanki katin jam'iyya a mazaɓarku. Takarar majalisar jiha tun gyaran 2018 daga shekara 25 take farawa, lokaci bai ƙure masa ba.